Wasan Shiga Labari da Wasan Zafin Nama: Ta Wace Ƙofa Hausa Take Shiga?

Masu sharhi a kan wasannin bidiyo sun saba auna su da kyan hoto, da ƙarfin na'ura, da daɗin labari. Ɗalibin kimiyyar harshe yana da nasa ma'aunin daban, wato yawan harshen da wasa yake nema daga mutum kafin ya buɗe masa ƙofa, da yawan harshen da yake fitarwa daga bakinsa bayan ya shiga. Idan aka ɗora manyan rukunai biyu na waɗannan wasanni a kan wannan ma'auni, za a tarar cewa ƙarfin kowanne da rauninsa daga tushe guda suka tsiro. Gari irin Sabon Maci, da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, wuri ne da ya dace a duba lamarin, domin harshen gida da kasuwa da fadar samari Hausa ce, harshen boko Faransanci ne, wayar da ke hannun saurayi kuwa Faransanci ko Ingilishi take ji.

Kafin a yi nisa akwai matsalar suna. Rukuni na farko shi ne wanda ake taƙaita sunansa da RPG, inda mai wasa yake ɗaukar wani mutum na cikin labari, ya zaɓa masa suna da sana'a da hali, ya yi ta yawo da shi yana magana da jama'a, yana karɓar aike, yana yanke shawarar da za ta sauya ƙarshen labarin. Fassarar kalma da kalma za ta ba da "wasan taka rawa", tun da ƴan jarida sun riga sun ɗora wa "rawa" ma'anar matsayi ko gudummawa. Sai dai duk Bahaushen da ya ji "wasan taka rawa" kalangu zai fara tunawa. Saboda haka a nan an zaɓi "wasan shiga labari". Rukuni na biyu shi ne na harbi da faɗa da gudu, wanda nasara a cikinsa ta dogara ga saurin ido da yatsa, shi kuma "wasan zafin nama" ya dace da shi. Rabuwar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tashe da wasan kara, inda yaro yake zama sarki ko gwamna ko tsoho mai gemu, suna gefe guda. Langa da dambe da kokawa suna ɗaya gefen.

Wasan da aka gina da kalmomi

Asalin wasan shiga labari ba a kwamfuta yake ba. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a zaune kewaye da tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da mutanensu za su aikata. Tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da ikon sa baki. Da wasan ya koma cikin na'ura, a Japan musamman, da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987, sai rubutu ya maye gurbin bakin mai ba da labari. Rubutun kuma bai daina ƙaruwa ba. Disco Elysium, wanda ya fito a 2019, ya haura kalmomi miliyan 1. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023, yana da kusan miliyan 2. Wannan ya ninka littattafai uku na Magana Jari Ce sau da yawa.

Ƙarfin wannan rukuni a fili yake ga mai nazarin koyon harshe na biyu. Kalma ba ta zuwa ita kaɗai kamar a jerin ƙamus. Tana zuwa da hoto, da murya, da sakamako. Wanda bai fahimci abin da mai gadin ƙofa ya ce ba, ba zai wuce ƙofar ba, don haka yana da dalilin komawa ya sake karantawa, abin da malamin Faransanci yake shan wahala kafin ya samu a aji. Ana kuma maimaita kalmomi a muhallai daban-daban: sunan makami guda zai fito a bakin maƙeri, da bakin ɗan kasuwa, da cikin jerin kaya. Bugu da ƙari, mai wasa yana haɗuwa da rukunan magana iri-iri, maganar fada da ta tasha, roƙo da barazana da yaudara. Binciken da Liss Kerstin Sylvén da Pia Sundqvist suka buga a 2012, a kan yara 86 masu shekara 11 zuwa 12 a Suwidin, ya nuna cewa waɗanda suke wasa awa biyar ko fiye a mako sun fi sauran sanin kalmomin Ingilishi. Amma abin da binciken ya nuna dangantaka ce kawai. Yana yiwuwa yaran da Ingilishinsu ya riga ya yi ƙarfi su ne suka fi jure wa wasan.

Wannan shakka ita ce take kai mu ga raunin. Marcella Hu da Paul Nation sun nuna a 2000 cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin matani kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace hamsin. Yaron Suwidin yana jin Ingilishi a talabijin tun yana rarrafe, kuma harshensa ɗan'uwan Ingilishi ne. Ɗan kwalejin Sabon Maci ya fara haɗuwa da Faransanci ne a aji, a bakin mushe, kuma da zarar an tashi ya koma Hausarsa. Faransancin da ya koya na lissafi ne da nahawu da tarihin ƙasa. Wanda wasan yake buƙata na matsafa ne da jarumai masu sulke da dokokin masarautun da ba su taɓa wanzuwa ba, sau da yawa cikin tsohon salo da aka ƙirƙira don ya yi kama da na zamanin da. Idan baƙin kalmomi sun kai ɗaya cikin biyar, abin da zai yi shi ne danna madanni har maganar ta wuce ya kai wurin faɗa. A nan wasan shiga labari ya zama wasan zafin nama maras daɗi, domin an zubar da ainihin abin da aka saya. Ashe wasan yana ƙara wa mai harshe harshe ne, wanda ba shi da shi kuma ya bar shi a bakin ƙofa.

Sauran cikas na aljihu ne da na'ura. Manyan wasannin nan suna son kwamfuta mai ƙarfi, waɗanda ake yi a waya ma irin Genshin Impact suna cin gigabayit masu yawa, kuma labarinsu yana ɗaukar awoyi gommai. Inda ake kai waya caji wurin mai hasken rana, kuma rezo yake zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Wasan da ba ya tambayar wane harshe kake ji

Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, yana jefa mutum 50 a tsibiri guda, wasan ya ƙare cikin kimanin minti goma, kuma an tsara shi ya yi aiki a kan ƙananan wayoyi. A 2019 shi ne wasan waya da aka fi saukewa a duniya. PUBG Mobile na 2018 yana ɗaukar mutum 100. Abin da ya sa irin waɗannan suka ratsa ƙasashen da rubutu bai ratsa ba shi ne ƙarancin harshen da suke nema. Hoton bindiga, da jan layi mai nuna sauran rai, da da'irar da take ƙuntata, duk alamomi ne masu kama da abin da suke nufi. Almajiri da ɗan jami'a suna iya shiga fili guda, kuma ba lalle ne ɗan jami'ar ya yi nasara ba.

Akwai shaidar cewa wasan yana horar da ido. A 2003 Shawn Green da Daphne Bavelier na Jami'ar Rochester suka buga bincike a mujallar Nature, inda mutanen da ba su saba wasa ba suka yi wasan harbi awa ɗaya kullum har kwana goma, suka fi waɗanda aka ba Tetris iya lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Bayan shekara goma wasu masana a Jami'ar Padua ta Italiya suka gwada yara 20 masu matsalar karatu, suka ce awa 12 na wasan zafin nama ta ƙara musu saurin karatu. Wannan ya ja hankalin masu nazarin harshe, kuma da ya tabbata da ya shafe mu, tun da rubutun Italiyanci, kamar na Hausar boko, yana bin furuci kusa da kusa. Sai dai wani gwaji da aka yi a Folan aka buga a 2018 bai sami wannan fifiko ba. Maganar tana nan a buɗe, kuma wanda ya ce wa iyaye harbi a waya yana koyar da karatu ya yi gaggawa.

Ta fuskar koyon kalmomi kuwa, sauri abokin gaba ne. Jonathan deHaan da abokan aikinsa sun haɗa ɗalibai 80 na wata jami'a a Japan biyu-biyu, ɗaya yana buga wani wasan kiɗa na Ingilishi mai buƙatar saurin yatsa, ɗaya yana kallo, na tsawon minti 20. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna masu kallo sun fi masu wasa tuna kalmomin nesa ba kusa ba. Hankalin mai wasa yana kan yatsunsa. Idan haka ne, ƙanen da ke leƙen waya ta bayan kafaɗar yayansa a fada yana iya fin yayan kwasar baƙin kalmomi.

Amma a nan ne wani abin sha'awa yake faruwa. Da yake wasan bai cika filin da nasa harshen ba, ya bar wuri, kuma Hausa ce take cika wurin. Ana yin waɗannan wasanni ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu galibi, ko suna zaune a tabarma guda ko suna magana ta murya daga garuruwa daban. Maganar da yanayin yake haifarwa gajeriya ce, kusan dukkanta umarni: kwanta, taho, harbe shi, bayanka, rufa mini. Amsa-kama tana samun kasuwa, irin su wuf da caraf da tim, domin gaɓa ɗaya tana ɗaukar abin da jimla za ta ɗauka. Bayan nasara sai kirari da zambo, kamar yadda ɗan kokawa yake yi a fage, bayan faɗuwa kuma sai zagi, wanda shi ma abin nazari ne ko da ba abin yabo ba ne.

Mafi daɗin nazari a ciki shi ne kalmomin nuni. Hausa tana rarrabe wurare huɗu da kalmomi biyu kacal a rubuce: nân mai faɗuwar sauti kusa da mai magana, nan mai sautin sama kusa da mai sauraro, cân mai faɗuwa can inda ake hange, da can mai sautin sama nesa ƙwarai. Tsarin ya ginu a kan cewa mai magana da mai sauraro suna tsaye a fili ɗaya, kowa yana ganin kowa. A cikin wasa kuwa kowane mutum yana da jiki biyu, na kan tabarma da na cikin tsibiri, kuma kowa fuskar wayarsa dabam take nuna masa. Idan ɗaya ya ce "ga shi nan", kusa da wane jikin yake nufi? Dole masu wasa su koma ga wasu dabaru, su ambaci gini ko itace ko lambar da ke saman allo. Masu ƙera wasanni ma sun san matsalar, shi ya sa Apex Legends ya zo a 2019 da tsarin nuni da madanni guda, wanda ke ba mutum damar cewa "maƙiyi a can" ba tare da ya buɗe baki ba. Wato an ɗauki aikin kalmar nuni an miƙa wa yatsa.

Aron kalmomi shi ma yana bin hanyoyin da aka sani. Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa, don haka take sa wasali a tsakani, kamar yadda ta yi a burodi da firamare. Ba ta cika aron aikatau kai tsaye ba, sai ta ari suna ta haɗa da yi, kamar yi lodi da yi caji. Karin harshen yankin Gobir kuma yana da h ko hw inda Kananci yake da f: tahi, hita, hwari. Idan aka bi waɗannan ƙa'idoji, sunan Free Fire zai ba da Firi Faya a bakin Bakano, ya ba da Hiri Hwaya a bakin Bagobirin da boko bai gyara masa harshe ba. Iyaka ma tana da tasiri: wanda ke cewa rezo da wanda ke cewa netwok suna haɗuwa a ƙungiya guda, ɗaya daga Maraɗi ɗaya daga Katsina, kuma dole kalmar wani ta rinjayi ta wani.

Raunin rukunin bai tsaya ga ƙarancin kalmomi ba. Wasan minti goma yana kiran wani minti goma, har a ji kiran asalatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya larurar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, da sharaɗin cewa wasan ya rinjayi sauran al'amuran rayuwar mutum, galibi na tsawon wata 12. Akwai kuma sayen lu'ulu'u da tufafin cikin wasa da kuɗin gaske, wani lokaci ta akwatin sa'a da ba a san abin da ke ciki ba. Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. Sai batun bindiga. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai ƴar dangantaka tsakanin wasannin tashin hankali da zafin rai, amma babu isasshiyar hujjar da za ta ɗora musu laifin aikata ta'asa. Duk da haka, a jihar da ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato tun 2019 saboda ƴan bindiga, uwar da ta ji ɗanta yana ihun "na kashe uku" ba za a ce tsoronta na rashin sani ba ne. Kalmar tana da nauyi a Gidan Rumji da Madarumfa wanda ba ta da shi a Singafo.

Idan za a sa Hausa a cikin wasan

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tambayar da ta biyo baya ga masu nazarin harshe ita ce ko Hausa za ta tashi daga bakin mai wasa ta shiga cikin allon. Wasu sun gwada da nasu harsunan. Never Alone na 2014 an yi shi tare da al'ummar Inupiyak ta Alaska, kuma da harshensu ake ba da labarin. Far Cry Primal na 2016 ya ɗauki masana harshe biyu na Jami'ar Kentucky, Andrew Byrd da Brenna Byrd, suka gina wa mutanen wasan harshe daga tsohuwar uwar harsunan Indiya da Turai da aka sake ginawa. A Afirka kuwa, Aurion na kamfanin Kiro'o Games da ke Yawunde, wanda ya fito a 2016, ya ɗauki tufafi da tunanin Afirka, amma da Faransanci da Ingilishi ya fito.

Fassara wasan zafin nama zuwa Hausa aikin ƴan kwanaki ne, kuma ba zai ƙara wa kowa komai ba. Wasan shiga labari ne yake buƙatar fassara, kuma shi ne yake da ƙaya. Injin wasa yana ajiye jimla da gurbi, ya cika gurbin da sunan kaya ko na mutum a lokacin wasa. Ingilishi yana jure wa wannan domin wakilin sunansa na mutum na biyu ɗaya ne tal. Hausa kuwa tana tambayar jinsi tun kalmar farko: ka iso, kin iso, ko kun iso idan jama'a ne ko girmamawa. Mallaka tana duban jinsi biyu a lokaci guda, na mai abu da na abin: takobinka, takobinki, garkuwarka, garkuwarki. Ga ne da ce. Ga aikatau ɗan aji biyu da yake sauya wasalinsa na ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya: ya sayi doki, ya saye shi, ya saya. Jimla guda ta Ingilishi tana iya zama huɗu ko takwas, kuma injin da ba a gina shi da sanin haka ba zai riƙa kiran mace da ka.

Sai dai abin da yake ƙaya ga mai fassara shi ne dukiya ga wanda zai ƙirƙiri wasan da Hausa tun daga tushe. Wasan shiga labari yana rayuwa ne a kan zaɓin magana, Hausa kuwa ta cika da zaɓin da ke da sakamako. A fadar Tibiri, wanda ya ce wa sarki sannu maimakon ranka ya daɗe ya riga ya faɗi jarrabawa. Matar da ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta karya kunya. Baƙar maganar da za ta jawo faɗa tsakanin baƙi biyu tana zama raha tsakanin Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, albarkacin wasan barkwanci da UNESCO ta sanya cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Duk waɗannan dokoki ne da injin wasa zai iya lissafawa. Labari ma ba a rasa shi ba, daga Bawa Jan Gwarzo zuwa Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899.

Za a kuma yanke hukunci a kan wace Hausa. Idan Bawa Jan Gwarzo ya buɗe baki ya ce "suka tafi" maimakon "sunka tahi", ko "dokinsa" maimakon "dokinai", ɗan Sabon Maci zai ji kamar an ɗauko Bakano an naɗa masa rawanin Gobir. Daidaitacciyar Hausa ta dace da madannai da bayanin kaya, karin harshe kuma ya dace da bakin mutanen labari, kuma murya ta fi rubutu dacewa da su, domin tana buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba, tana kuma riƙe karin sauti da tsawon wasali waɗanda rubutun yau da kullum yake zubarwa. Inda rubutu ya zama dole, sai a tabbata haruffan wasan suna ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, in ba haka ba ƙofa da kofa, ɗaki da daki, za su fito da akwatin da babu komai a ciki ko su rikiɗe su zama wata kalma. Masu Dragon Quest sun taɓa shiga irin wannan ƙunci a 1986: ƙwaƙwalwar kaset ɗinsu kilobayit 64 ce kawai, sai suka zaɓi haruffan katakana 20, suka riƙa raɗa wa dodanni da garuruwa sunayen da waɗannan haruffa za su iya rubutawa.